Wasiƙa Zuwa Ga Ƙawata Mai Sabon Ciki

Tudun Wada, Kaduna.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan, ya kuma baƙunta? Ince dai kin fara sabawa da ruwan saman Fatakwal da ba ya gajiya. Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, leɓe duk ya tsattsage.

Saƙon muryarki sau uku na saurare shi. Kin yi ta kewaye-kewaye, wai jikin ne ba daɗi, wai ƙamshin miya na tayar miki da zuciya, sai can ƙarshe kika ce ƙugunki kamar an ɗaure da igiya. To ni za ki yi wa alkunya? Barka, Allah ya inganta, ya raba lafiya. Rubutawa na yi don na san halinki, a waya "to, to" kawai za ki yi ta ce min.

Na san abin da ke ɗaure miki kai: sati 9 kacal, ciki ko tasawa bai yi ba, me ya haɗa shi da baya? Haka na tambayi nas a cikina na fari. Ta ce ba nauyi ba ne tukuna. Jiki ne ke sakin wasu sinadarai, ɗaya sunansa rilaksin, suna sassauta jijiyoyin da suka riƙe ƙasusuwan ƙugu, shirin ranar haihuwa tun da wuri. Shi ya sa aikin da kika saba yi ba ki ji komai ba yanzu yake tsaya miki a kwankwaso.

Ni tsintsiya ce ta so gamawa da ni. Kullum da safe ina duƙe ina sharar tsakar gida, in gama in koma kan wanki, baho a ƙasa. Kafin azahar sai in kasa miƙewa. Ran nan baban yara ya ɗauko sandar mofa ya ɗaure tsintsiyar a jiki da roba. Matan gidanmu suka yi ta dariya, wai sharar 'yan boko. Su suka sani, ni dai na samu sauƙi. Baho ma ya hau kan benci. Idan abu ya faɗi ƙasa kada ki sunkuya, tsuguna ki lanƙwasa gwiwa, bayanki a miƙe. Jarkar ruwa mai lita 25 kuwa kilo 25 ce cur, a bar wa maigida. Takalman nan masu tsini na cikin lefe su huta.

Da dare ki kwanta ta gefe, filo tsakanin gwiwoyinki. In za ki tashi kada ki yi zumbur. Juya gefe, sauke ƙafafu, ki dogara da hannu. Akwai wani motsi da na fi jin daɗinsa: ki yi kamar mai rarrafe a kan tabarma, ki turo baya sama a hankali irin miƙar kyanwa, ki saki, kamar sau 10. Sai ɗan tattaki da yamma. Gashi da tawul ma yana taimakawa, amma da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe irin na wankan jego ba. Ranar da ruku'u ya gagara, ki yi sallarki a zaune, addini ya yi rangwame.

Maganar magani ce nake so ki buɗe kunne. Ni da ciwon ya dame ni na aika wani kemis a unguwa, yaron shagon bai tambayi komai ba ya ƙullo min diclofenac. Allah ya sa na nuna wa nas kafin in sha, ta karɓe. Shi da ibuprofen mai ciki ba ta shansu sai likita ya ce. Paracetamol ne aka yarda da shi, shi ma bisa ƙa'ida, ba kamar gyaɗa ba. Jiƙe-jiƙen da za a aiko miki daga gida ki karɓa da godiya, ki ajiye.

Ba kowane ciwon baya ba ne na laulayi. Idan ya zo da jini ko ɗigo ne, ko murɗar mara, ko ya tsaya a gefe ɗaya yana suka har da jiri ko ciwon kafaɗa, kada ki jira gari ya waye. Wani lokaci ciki kan zauna a waje, ba a cikin mahaifa ba, kuma a waɗannan makonnin yake nuna kansa. Zazzaɓi ko zafin fitsari ma asibiti ne, don ciwon sanyi kan hau har ƙoda, maleriya kuma ba ta wasa da mai ciki.

Kuma don Allah ki fara awo yanzu. Mu mun saba ɓoyewa sai ciki ya yi wata 5, alhali ana so a fara zuwa kafin sati 12 ya wuce. Can za a duba jininki da fitsari, a ba ki folik asid da maganin ƙarin jini. In kunyar faɗa wa Hajiya kike ji, ni zan je in sanar da ita.

Akwai mai tahowa wajenku ƙarshen wata, zan ba shi kuka da daddawa da tsamiya, na san bakinki zai nemi tsami. Ki gaida maigidan, ki ce na ce ya nemo sanda da roba.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Tudun Wada.