Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Firitawun

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma baƙunta ta fara sakinka. Iyali duk suna gaishe ka. Hajiya ta ce in tambaye ka ko ka saba da cin shinkafa safe da yamma.

Tun ranar da ka ce an tura ka aiki Saliyo nake ta tunanin marigayi kakana, wanda kake zuwa gaisarwa a zaure muna yara. Ka san shi da sunan tsohon soja, amma ban taɓa gaya maka cewa a garin da kake zaune yanzu ya ci yaƙinsa ba. Sojan igwa ne, cikin masu bindigogin kakkaɓo jiragen sama da aka girke su gadin tashar ruwan Firitawun a Yaƙin Hitila.

Abin da ya kai su can shi ne, da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, bin Bahar Rum ya zama sayar da rai ga jiragen ruwan Ingila. Dole suka riƙa zagaya Afirka, kuma a Firitawun suke tsayawa su ɗebi ruwa da mai, su taru ayari guda kafin su nufi Ingila. Ga Konakiri nan kusa, a hannun Faransawan Vichy da suka sasanta da Jamus. Harin da Ingila da Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi sasantawar, suka kai wa 'yan Vichy a Dakar a Satumbar shekarar kuwa bai yi nasara ba, sai ma zaman ɗar-ɗar ya ƙaru.

Kaka bai cika ba da labarin harbi ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne tsatsa. Ya ce ruwan damina can ba ya ɗaukewa, ga iskar teku mai gishiri, kullum sai an goge igwa an shafa mata mai, gobe a sake. Babbar igwar nan mai bakin inci 3.7 ba mutum ɗaya ke sarrafa ta ba: wani na juya ta, wani na ɗaga bakinta, wasu na miƙa harsashi, duk da umarnin sajan. Atisaye ba dare ba rana, ido a sama har wuya ya ƙage. Zazzaɓin sauro kuwa ya kwantar da mutanensu fiye da duk abin da abokan gaba suka yi musu.

A Nuwambar 1942 Faransawan Afirka ta Yamma suka koma ɓangaren Ingila da Amurka, barazana ta lafa. A 1943 aka fara kwasar sojojinmu zuwa Indiya da Bama, shi kuma aka bar shi a bakin igwarsa. Da aka dawo gida, 'yan Bama ne ake kewayewa a dandali ana jin labarin daji da Japanawa. Shi wasu har "maigadi" suke ce masa, ya yi shiru. Wallahi abin yana ci mini rai har yau, domin jiragen da suka kwana lafiya a ƙarƙashin bindigoginsu su ne suka kai abinci da dakaru inda ake bukata.

Don Allah ga roƙona. In ka samu sarari ran Asabar, ka hau tudun da ke bayan gari ka ɗauko mini hoton tashar daga sama, in nuna wa Hajiya inda mahaifinta ya yi shekarun nan. Akwai kuma maƙabartar sojoji a unguwar King Tom. Ka leƙa, ka karanta sunayen, in ka ga na mutanenmu ka yi musu addu'a.

Ka kwana cikin gidan sauro, kada ka yi wasa da wannan. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Kano