Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata: Kada Ki Bari A Share Kwamfutar Tukuna

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanki baki ɗaya. Saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika ɗaga kwamfutar aikinki daga Windows 10 zuwa Windows 11 manhajar lissafinki ta ƙi buɗewa, sikana ta yi gum, har wani ya ba ki shawarar a share komai a zuba sabon Windows. Na ga gara in rubuto a kan in kira, don maganar cike take da sunaye da lambobin da ba sa zama a kunne.

Kada ki yarda a share ta. Wanda ya ba ki shawarar wataƙila da zuciya ɗaya ya yi, amma sharewa hanyar mai gaggawa ce, kuma sau da yawa bayan an gama wahalar manhajar ta sake ƙin buɗewa, tun da abin da ya hana ta ba datti ba ne da za a wanke. Ga kuma asarar ƙofar komawa baya, wadda yanzu haka a buɗe take gare ki.

Ƙofar nan tana da wa'adi. Idan aka ɗaga Windows a kan tsohonsa, yakan tattara tsohon ya ajiye a wata folda mai suna Windows.old, ya ba mutum kwana 10 ya koma idan ya ga dama. Ki shiga Settings, System, About, za ki ga ranar da aka sa sabon. Ki ƙirga daga nan. Maɓallin komawar yana System, ƙarƙashin Recovery. Idan kwanakin ba su cika ba ana iya tsawaita su zuwa 60: ki buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa Windows umarni, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator) ki rubuta DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60. Ki yi wannan yau. Kuma kada ki bari wata manhajar share tarkace ta taɓa Windows.old don neman fili, in ta tafi ta tafi ke nan. Ban ce ki koma ba. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka komawa can zaman wucin gadi ne. Amma mai gyara da ya san yana da mafita hannunsa ba ya rawa.

Kafin ki taɓa komai kuma, ki kwashe bayanan. Manhajar lissafi daban, fayil ɗin da take zuba lissafin a ciki daban, kuma shi ne dukiyar. Wasu manhajojin a Documents suke ajiye shi, wasu a ɓoyayyar folda ta ProgramData, wasu a cikin foldarsu. Ki nemo shi ki kwafa a faifan waje, ki zare faifan ki ajiye gefe. Ki nemo lambar lasisin manhajar ki rubuta a takarda.

Yanzu ga abin da nake son ki gane, wanda in kin gane shi ba sai kin sake tambayata ba. Manhaja ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Kamar ɗan haya take a gidan da aka sauya wa wayoyin wuta da famfo: lafiyarsa ƙalau, kayansa na nan, sai dai soket ɗin da ya saba ba ya inda ya bar shi. Masu rubuta manhaja ba sa rubuta komai da kansu, suna jingina da wasu ƙananan fayiloli na gama-gari da suke sa ran tararwa a kwamfutar. In ɗaya ya ɓace ko ya lalace garin ɗagawa, sai manhajar ta tsaya. Aikinki shi ne gano wanne ne babu.

Kuma yawanci ita da kanta take faɗa. Ɗan akwatin nan da yake fitowa in kin danna ta, wanda na tabbata kina rufe shi kafin ki kai ƙarshen layin farko, shi ne shaidar. Ki ɗauki hotonsa da waya ki karanta harafi-harafi. In ya ambaci MSVCR100.dll, yana neman Visual C++ na 2010, wato wani kunshi na irin waɗancan fayilolin na gama-gari. MSVCR120.dll na 2013 ne. VCRUNTIME140.dll kuwa na jerin da ya faro daga 2015 ne. Duka kyauta suke a wurin Microsoft, kuma suna zama tare ba sa faɗa, don haka kada ki goge tsoho wai don kin sa sabo. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: kowanne yana da iri biyu, x86 na manhaja mai bit 32 da x64 na mai bit 64. Mutum ya ga Windows ɗinsa mai bit 64 ne, sai ya sa x64 kaɗai, manhajar ta ci gaba da ƙorafi, ya ce maganin bai yi ba. Alhali manhajar ake dubawa, ba Windows ba. Tsohuwar manhajar lissafi irin taki da wuya in ba mai bit 32 ba ce, ita kuwa x86 take so. Ki sa duka biyun ki huta. In kuma akwatin ya ambaci .NET Framework 3.5, ba sai kin je nema ko'ina ba: yana cikin jerin Windows Features, ki sa masa alama ki bar shi ya sauko, shi ke ɗauke da 2.0 da 3.0 ma.

Abin da na hana ki, da babbar murya, shi ne wuraren nan na intanet da ke ba da fayil ɗin DLL ɗaya tilo a sauke a jefa cikin foldar Windows. Ba ki san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, kuma kwamfutar da ke riƙe da lissafin mutane ba wurin gwaji ba ce. Haka manhajojin da ke alkawarin gyara duk direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da na'urori irin su sikana, da danna ɗaya. Ban taɓa ganin alherinsu ya kai ɓarnarsu ba.

In ba akwatin da ya fito, manhajar ta yi ƙyaf ta ɓace kawai, ki rubuta reliability a wurin bincike ki buɗe tarihin da zai nuna miki. Kowace rana da jan tambari a inda wani abu ya faɗi, in kin danna za ki ga sunan fayil ɗin da ya kayar da ita. Daga nan sai a gwada yaudara. Ki danna alamar manhajar da maɓallin dama, Properties, Compatibility, ki zaɓi Windows 8 ko 7. Abin da wannan yake yi shi ne gaya wa manhajar cewa a tsohon Windows take, don akwai waɗanda ke tambayar lambar Windows, in suka ji wadda ba su sani ba su ƙi motsi, ko da ba abin da zai hana su aiki. A wannan shafin akwai zaɓin buɗe ta da ikon mai gudanarwa. Manhajojin zamanin Windows XP sun saba rubutu a cikin Program Files yadda suka ga dama, wurin da aka tsaurara wa tsaro tun daga Windows Vista. Ki ba ta ikon in shi take nema, amma ita kaɗai.

Na san halinki na son a gama yanzu-yanzu, tun kina ƙarama haka kike. A wannan aikin ki danne shi. Sauyi ɗaya, ki gwada, ki rubuta abin da ya faru. In bai yi ba ki mayar yadda yake kafin ki wuce na gaba. In duk sun gaza, ki cire manhajar ki sake sa ta daga wurin kamfanin da ya yi ta, sabon fitowar da lasisinki ya ba ki dama.

Sikana kuwa maganar direba ce kusan ko da yaushe. Ki buɗe Device Manager ki duba ko akwai alwatika mai ruwan ɗorawa kusa da sunanta. Ki karanta lambar samfurin a jikinta, ki nemi direbanta wurin kamfanin. In babu na Windows 11, na Windows 10 mai bit 64 galibi yana yi. Akwai wani tsaro mai suna Memory integrity da ke hana wasu tsofaffin direbobi tashi, kuma za ki ga masu cewa a kashe shi kawai. Ni ban ga hikimar rage tsaron kwamfutar lissafi saboda sikana ba. In har a nan aka tsaya, sikanar ce za ta sauya. Tsohuwar manhajar kariya daga bairas ma ki sa mata ido. Tana shiga can cikin Windows, in ba a sabunta ta ba takan riƙe wasu manhajoji ba tare da ta ce uffan ba.

Akwai kuma waɗanda ba gyara a kansu, gara ki ji daga bakina. Kamfanoni kan yanke tsohon abu da gangan. Apple ta yi haka a 2019 da macOS Catalina, ta daina karɓar duk manhaja mai bit 32. Windows 11 ya zo ba Internet Explorer, sai wani yanayi a cikin Edge, manhajar shiga intanet da ta gaje shi, da ke kwaikwayonsa saboda tsofaffin shafukan ofisoshi. In ya tabbata manhajarki kamfaninta ya rufe ko ya daina kula da ita, akwai dabarar girka tsohon Windows a cikin sabon ta hanyar VirtualBox, a tsare shi ba intanet, a buɗe ta a can. Yana yi, amma yana buƙatar lasisinsa daban, kuma ban so ki mai da shi mazauni. Ki shiga ki fitar da lissafinki zuwa Excel ko CSV, rahotannin shekara-shekara kuma zuwa PDF, sannan ki nemi manhajar da har yanzu masu ita ke raye suna sabunta ta. In ma ta buɗe gobe da ɗaya daga cikin dabarun can, ki fitar da bayanan duk da haka, don Windows 11 kansa duk shekara yana samun babban sabuntawa.

Ki turo mini hoton akwatin, da cikakken sunan manhajar da lambar fitowarta, da samfurin sikanar. Da su a hannu zan iya ce miki wanne za ki fara gwadawa. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan yara.

Wassalam,
Babanki