Ƴan uwa masu garkar gida, kar ku shuka sibulet a watan Maris

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ya aiki. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matan da ke shuka kayan miya a tsakar gida nan Maradi, akan ƴar albasar nan mai siririn ganye kamar ciyawa wadda Faransawa ke ce ma sibulet. Ba ta yin kai kamar albasar Galmi, ganyen kawai ake ci, kusan lawashi ne amma ya fi shi laushi kuma bai da yaji sosai.

Abin da ya sa na rubuto, bara waccan na sayi irinta cikin ƴar takarda, a baya an rubuta a shuka Maris ko Afrilu, na bi yadda aka ce, wallahi ko rabi bai fito ba, wanda ya fito ma rana ta ƙone shi cikin sati biyu. Daga baya na gane ai lissafin Faransa ne, can lokacin ne sanyi ke sakin ƙasa, mu kuwa nan bazara ce tsakiyarta, zafi na wuce digiri 40 ko mutum ma neman inuwa yake balle tsiron da bai kai tsinken ashana ba.

Lokacinmu shine bayan ruwa ya ɗauke an gama kaka, watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, iska ta fara sanyi da dare. Ku duba masu noman rani na Jiratawa da bakin gulbi, ai da sanyi suke aikin albasa da salati, to ita ma dangin albasa ce sanyin take so. Irin ya fi tsirowa in yanayi na wajen digiri 15 zuwa 20, kuma yana da nawa, sati biyu har uku kafin ki ga kore, kar ki yi fushi ki zubar da ƙasar. Kar kuma a binne shi da zurfi, rabin santimita ya isa. Sannan a lura da tsohon iri, irin dangin albasa baya jimawa, in ya wuce shekara ɗaya biyu da yawansa ya mutu.

Ƙasarmu rairayi ce bata riƙe ruwa, ni ina haɗa ta da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, in zuba a tsohon bokiti ko bido da aka yanke, a huda ƙasansa. Iskar hunturu na busar da saman ƙasa nan da nan, shi yasa nake yayyafa ruwa safe da yamma har ta kafu. A tsare ta daga kaji.

In kika shuka Nuwamba, zuwa Fabrairu kin fara yanka, da almakashi, ki bar kamar yatsa biyu sama da ƙasa zata sake tofowa. Amfanin bokiti kenan, da zafi ya shigo sai ki ja shi ƙarƙashin dogon yaro inda zata samu ranar safe kaɗai, tawa haka ta tsallake bazarar bana duk da ta ɗan yi yaushi. Wadda maƙwabciyarta ke da ita ma ba sai ta sayi iri ba, a raba gindin a dasa, ya fi sauri, shima da sanyi ake yi.

Ni a wainar ƙwai da kwaɗon zogale nake sa ta, a ƙarshe bayan an sauke, in ta daɗe a wuta ƙamshin gudu yake. Ina roƙon masu saida iri a kasuwa su riƙa gaya ma mutane watan da ya dace da garinmu, da yawanmu abin da ke jikin takarda muke bi.

Taku,
Mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi