Na ba ɗalibaina zaɓi, an ce na lalata aji

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare a Daura. Tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba.

Mataimakin shugaban makarantarmu ya faɗo mini aji ko sallama babu, ya ce wai na mai da ajin kasuwar Mai'adua. A gaban yara fa, Hajiya! Shekarata 9 da alli a hannu, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina na yi NCE, ba a taɓa ci mini fuska haka ba.

Yaran nan sun haura 80, 'yan aji biyu. Da farko ba irin bulala da tsallen kwaɗon da ban sa ba, amma na baya barci suke, aikin gida kuwa sai mutum goma su kawo. Shi ne da muka zo tarihin Bayajidda na ce kowa ya zaɓa: ko ya rubuta labarin, ko ya zana rijiyar Kusugu, ko su haɗu su yi wasan kwaikwayon kashe macijin. Darasin ɗaya ne, hanyar ce kawai na bar musu. Wallahi wani yaro da bai taɓa buɗe baki ba shi ya jero Hausa Bakwai, har Biram da Rano da kowa ke mantawa.

Na yarda an yi hayaniya, kuma benci ɗaya ya karye wajen rigimar wa zai fito a Daurama. Amma bencin dama a gurguje yake. Shi mutumin nan tun da na ƙi karɓar masa darasin ranar Juma'a yake nemana da sharri, dorina kaɗai ya sani. Na manta ban ce ba, wani uba ma ya zo ƙorafi, wai zane aka tura 'yarsa yi maimakon karatu.

Yanzu an ba ni takardar tuhuma. Maigidana ya ce in ba da haƙuri in koma yadda kowa ke yi. Idan na ɗauko bulala kuma, da wane ido zan kalli yaran da suka fara rigen zuwa ajina? Hajiya, in nemi canjin makaranta ne, ko in fara samun shugaban makaranta in gaya masa abin da mataimakinsa ya daɗe yana yi mini?

'Yarki daga Daura