Don Allah a daina barin maganar madafa sai an gama gini

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Ina roƙon a ɗan ba ni fili in yi magana da masu gina gidaje a nan Damagaram, musamman waɗanda ke samun filaye a sabbin unguwanni na bayan gari, da kuma maginan da ke riƙe musu aikin.

Maganar madafa ce ta dame ni. Mutum zai zauna da magini su tsara falo, ɗakuna, zaure, har inda za a ajiye mota, sai an kai ƙarshe siminti ya ƙare kuɗi sun ƙare sannan a tuna ai ana girki a gidan. Sai a dubi lungun da ya rage, galibi jikin makewayi, a kafa itace huɗu a aza kwano biyu a ce to ga madafa nan. Ita kuwa baiwar Allah da za ta ƙare rayuwarta a wurin safe da rana da dare, ba wanda ya ce mata ina kike so a yi ta. Wallahi wannan ba daidai ba ne.

Mu nan girkinmu na waje ne, kowa ya sani. Ko an yi kicin a cikin gida da karo da komai, in watan Afrilu da Mayu suka zo zafi ya haura 40, ba mai iya tsayuwa a ciki, tsakar gida ake dawowa. To tunda a nan za a zauna, me ya sa ba za a tsara wurin tun ranar da ake jan igiyar fandisho ba?

Abu na farko da za a duba iska ce. Hadarin garin nan daga gabas yake tasowa, da ƙura a gaba ruwa a baya, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Duk madafar da bakinta ke kallon gabas, ranar da hadari ya taso itace zai jiƙe, wuta ta mutu, ƙasa ta cika miya, ki ga mace tana gudu da tukunya mai zafi a hannu yara na bin ƙafarta. Shi ya sa nake ganin a jingina ta a kusurwa, bango ya tare mata gabas da arewa, bakin ya dubi kudu, ko yamma in akwai bishiyar da za ta kare ranar la'asar. Kuma kar bangon ya haɗe da rufi, a bar tazara a sama hayaƙi ya samu hanya. Kafin a aza bulo ko ɗaya a hura wuta a wurin a tsaya a ga ina hayaƙin ya nufa, in tagar ɗakin kwana yake shiga a matsar. Hayaƙin nan ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar girki a gidaje ta yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a duniya, kuma mata da yaran da ke goye su ne suka fi shaƙa.

Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi, wato kwaikwayon hotunan Facebook. Za a nuna wa magini hoton madafar Turawa, dogon kanta mai tsayin ƙugu, a ce irin wannan nake so. Yana da kyau a ido, amma wa zai tuƙa tuwon gero na mutum goma sha biyar a kansa? Tuƙin tuwo sai tukunya tana ƙasa, mace na zaune kan kujerar tsuguno, ta dafe tukunyar ta sa ƙarfin kafaɗa a muciya. Na je gidan wata ƙawata da aka yi wa irin wannan kantan, an kashe kuɗi sosai, yanzu kwanuka da bokitai ne a kai, ita kuma ta koma ta kafa duwatsu uku a gefe, hayaƙin ya baƙanta karon duka. Abin da ya dace a yi hawa biyu: gefe ɗaya murhu a ƙasa don tuwo da dambu da manyan tukwane, ko na laka ne ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi da ba ya cin itace da yawa, ɗayan gefen kuma kanta mai tsayin santimita 85 zuwa 90 don gaz da yankan albasa da ɗora kwano. In an yi su a kusurwa, wannan a bango ɗaya wancan a ɗaya bangon, juyawa kawai za ki yi. In filin ƙarami ne a jera su layi ɗaya jikin katanga, ba laifi. Wadda ban yarda da ita ba ita ce rumfar da ake kafawa a tsakiyar gida buɗe ta kowane ɓangare, yara da awaki da kaji kowa ta nan zai bi.

Tunda matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gidaje da yawa sun koma gaz, to shi ma a ba shi wurinsa. Kwalbar ta zauna a inuwa, nesa da murhun itace, kuma kar a rufe ta cikin rami ko akwatin siminti marar iska, domin gaz ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa.

Ruwa kuwa ba sai na faɗa wa ɗan Damagaram ba. Garin kan dutse yake, robine ya zo yau gobe shiru, don haka kowane gida da randa da tano da bido. A ware musu dandamali a inuwa kusa da ƙofar madafa, inda mai garuwa zai juye ba sai ya ratsa tsakar gida ba, a ɗan karkata daɓen wurin wanke-wanke ruwan ya bi rariya ya faɗa rami, kar ya kwanta ya tara sauro ko a sako wa maƙwabta a titi. Kuma duk wannan ya yi nesa da makewayi, ƙudan da ya tashi daga can kan tuwon zai sauka.

Turmi ma ana mantawa da shi. In rufin ya yi ƙasa taɓarya za ta riƙa dukan kwano, in kuma kan siminti ake daka ba a jimawa ya tsage, gara a bar masa ɗan fili na ƙasa a gefe. Rufin zana da kara yana da sanyi amma da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa, in kwano za a sa a ɗaga shi sosai don zafi. A gaban madafar a bar sarari, ranar suna ko biki ko suyar naman layya nan za a kafa tukwane. Gidan da ke da mata biyu kuma kowace a yi mata ma'ajinta mai makulli, rigima da yawa daga nan take farawa.

Iyayenmu magina, ku ne kuka san aikin, in maigida ya manta ku tuna masa. Ku kuma iyayen gida, ranar da za a auna fili ku ɗauki uwargida ku je tare ta nuna da hannunta. Malam Edita, in da hali a tura wakilinku ya zaga unguwannin Birni da Zango da Garin Malam ya ji ta bakin mata a kan wannan, za su faɗi abin da ya fi nawa. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku mai karatu a kullum,
daga Damagaram