Cancanta ko gata a jami'o'in Amurka?

Malam Edita,

Tun ranar 29 ga Yunin 2023 da Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ake ta cewa cancanta ta yi nasara. Ni dai ban gamsu ba. A jami'ar MIT, baƙaƙen fata cikin sababbin ɗalibai sun faɗo daga kashi 13 zuwa 5 cikin ɗari a 2024. Amma kotun ba ta taɓa fifikon da jami'ar Harvard ke ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta ba. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidan abinci bayan makaranta, da yaron da aka ɗaukar wa malamin gida, ta yaya za a auna su da mudu ɗaya? A fara soke gatan 'ya'yan manya tukuna.

Naka,
Mai karatu daga Zariya