A Daina Ƙona Tattakar Shinkafa, Taki Ce

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin manoman shinkafa na Kadawa da fadamar Haɗeja da Kabi a kan asarar da ake tafkawa bayan girbi, lokacin da ake cinna wa tulin tattaka wuta alhali buhun takin zamani yana neman gagarar talaka. Karan dawa yana da mafita, domin ana yin danga da girki da shi, harawa kuwa dabbobi ne ke cinyewa. Tattaka ce take yin yawa har a rasa yadda za a yi da ita, alhali ana iya ruɓar da ita ta zama taki.

A cikin ƙasa da kashin shanu akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, bakteriya da dangin naman gwari, waɗanda abincinsu shi ne matattun tsirrai. Tattaka tana jinkirin ruɓewa ne saboda tauri da ƙarancin sinadarin naitirojin, shi ya sa ake haɗa ta da kashin dabbobi. Manomi ya shimfiɗa tattaka a inuwa, ya bi ta da kashin shanu ko na kaji da ɗan ƙasar tsohon juji, ya yayyafa ruwa, sannan ya maimaita har tulin ya kai ƙirji. Ruwan ya zama daidai yadda idan an matsa a hannu za a ji danshi amma ba zai tsiyaya ba. Cikin 'yan kwanaki, wanda ya cusa hannu a tsakiya zai ji zafi, wanda kan kai maki 60 a ma'aunin Celsius, kuma wannan zafin ne yake kashe yawancin irin ciyawa. Idan ana juya shi duk mako biyu domin iska ta ratsa, cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasa.

A Indiya, inda hayaƙin ƙona gonaki yake turnuƙe birnin Delhi, cibiyar binciken noma ta ƙasar ta fito da haɗin naman gwari mai suna Pusa Decomposer a 2020, wanda ake fesawa a kan ragowar shinkafa a gona domin ta ruɓe da wuri. Ina kira ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano (KNARDA) su gwada irin wannan da halittun ƙasarmu, su kuma tura malaman gona su tara tulin gwaji a kowace ƙungiyar manoma kafin girbin bana.

Naka,
Mai karatu daga Kura, Jihar Kano